Ƙadangaren amana da farar Umma

Shekarun baya, lokacin da korona ta rufe filayen jirgi, na tsinci kaina a ɗan gidan hayata na unguwar International City da baƙi biyu da ba sa ga maciji da juna. Ta farko mahaifiyata ce, ta zo Dubai aikin ido, hanya ta rufe mata. Na biyu ƙadangare ne mai gemu, irin wanda ake kiwo a akwatin gilashi. Abokin aikina ɗan Filifin ya bar min shi amana zai je gida hutu, shi ma ya maƙale can.

Mutumin nan ji yake da ƙadangarensa kamar ɗan fari. Kafin ya tafi sai da ya zaunar da ni ya yi min karatu: ganye sabo kullum, kabewa a goge ta ƙanana, fara mai rai a barbaɗa mata wani farin gari na ƙarfin ƙashi. Ban da gishiri, ban da mai, ban da duk abin da ya hau wuta. Ni da na taso ina jifan ƙadangaru a katangar gidanmu, yau ga ni ina yanka wa wani kabewa.

Ranar da Umma ta fara ganinsa ta ja da baya tana salati.

"Kai wannan, me zan gani? Boko ne ya kai ka ga kwana ɗaki ɗaya da ƙadangare?"

"Umma amana ce."

"Amanar ƙaniyarka. Wallahi ka fitar da shi ko ni in san yadda zan yi da shi."

Na yi dariya na wuce. Amma da aka sassauta kulle na koma ofis a unguwar Port Saeed, sai abubuwa suka fara canjawa. Ƙadangare ya daina cin ganye. Cikinsa ya kumbura, ya kwanta luƙus ƙarƙashin fitilar ɗuminsa, ko ido ba ya son buɗewa. Farar da nake saye kuma tana ƙarewa kamar ana kwasa. Mai shi kullum sai ya kira ya ce in nuna masa shi, ni kuma ina ta kame-kame, wai barci yake.

Gaskiya zuciyata ba ta kai ni ko'ina ba sai kan Umma. Maganarta ta dawo min daram. Na shinshina kwanon ruwansa. Na ɗaga gwangwanin maganin sauro na ji ko ya rage nauyi. In na tambaye ta ko ta taɓa akwatin, sai ta kau da kai ta ce, "Ina ruwana da dodonka." Wannan kau da kan ya fi komai tayar min da hankali, don Umma ba ta iya ɓoye abu ba.

Wata rana na ce na tafi aiki, na sauka na zaga bayan gini, na dawo na buɗe ƙofa a hankali. Ƙamshi ya fara tarbata, ƙamshin da rabona da shi tun bakin kasuwa a Kano. Soyayyar fara ce, da yaji da magi.

Ga Umma zaune kan darduma gaban akwatin, faranti a cinya. Ta jefa ɗaya a bakinta, ta miƙa masa ɗaya.

"Ci mana, bawan Allah. Yaron nan ba shi da tausayi, ya ba ka ɗanya ko gishiri babu."

"Umma! Kashe shi za ki yi!"

Ta juyo ta dube ni, ta dubi takalmin da na riƙo a hannu don kada ya yi ƙara.

"Au, laɓe ka yi min? Zatonka guba nake ba shi?"

Na sunkuya na ajiye takalmin.

"Kai ka fita tun safe, ka dawo ka duƙufa kan waya. Ban san kowa a garin nan ba, ba na jin yarensu. Shi kaɗai ne in ina magana yake ɗago kai ya saurara. Sai in ci abu yana kallona in hana shi?"

A ranar muka kai shi wurin likitan dabbobi, ita ta rungume kwalin da muka sa shi ciki a tasi. Likita ya ce mai da gishirin ne, an yi sa'a an zo da wuri. Ina fassara mata tana share ido da gefen mayafi. Daga nan ita ta karɓi kiwon. Ita ke goga kabewa, ita ke barbaɗa garin, tana yi tana ba shi haƙuri kan abinci lami. Ya warke sarai kafin mai shi ya dawo.

Har yau in na tuna sai in ji wani iri. Na kwashe makonni ina sa ido kan cikin ƙadangare, na san abin da ya ci da abin da ya bari, amma ban taɓa tambayar yadda Umma ke wuni ba. Ranar da aka zo ɗaukar ƙadangaren ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, ta ce in ya tafi in gaya mata.