Karen da Ya Jira Muryar Genzo

Genzo Sakuma manomin shinkafa ne a bakin tafkinmu, amma noman na cika ciki ne kawai. Ransa yana ga lokacin sanyi, sa'ad da agwagin daji ke saukowa daga arewa su rufe ruwa, shi kuma ya fito da bindiga a kafaɗa, baƙin kare na bin ƙafarsa ta hagu. Mun yi maƙwabtaka har muka yi furfura tare.

Tetsu ne karensa na ƙarshe. Tun yana kwikwiyo Genzo ya cusa tsumma a tsohuwar safa, ya ɗaura mata fiffiken agwagwa, yana jefa masa a tsakar gida. Ɗauko abu ba wuya, kowane kare yana yi. Wuyar ita ce jira: tsuntsu ya faɗo a gabanka, jikinka na rawa, ka zauna har a kira sunanka. Sannan ka riƙo shi a baki kamar ƙwai, ka sa shi a tafin ubangidanka, ba a ƙasa ba. Genzo bai yarda da nuni da hannu ba. Ya ce a cikin kwalekwale hannun kowa motsi yake, karen da ke bin hannu wata rana zai faɗa gaban bindiga. Murya ɗaya ya koya wa Tetsu, tasa.

Kuraji, abokin farautarsa mai gyaran inji, ba ya gajiya da tsokana.

"Kai tsoho, wannan kare ne ko soja? Ni matata ma ba ta jin maganata haka."

"Ai hankali gare ta," in ji Genzo. "Miƙo shayin nan, sarkin harbin iska."

Ita kuwa Tomie, matarsa, takan leƙo daga kicin ta ce, "Maigida, da ka taɓa kirana da muryar da kake kiran karen nan, da ni ma na faɗa tafki."

Sai muryar Genzo ta fara dushewa. Ciwon daji ne a maƙogwaro. Ya dawo daga asibiti da rami a wuya, an rufe da ɗan ƙyalle, ta nan yake numfashi. Ba magana, ko fito ba ya iya yi.

Ranar buɗe farauta muka shiga kwalekwale mu uku, ni da Genzo da Kuraji, da karen. Hannunsa bai manta ba, harbi ɗaya agwagwa ta faɗo. Tetsu ya miƙa wuya, yana karkarwa. Na ga leɓɓan Genzo sun haɗa sunan, iska kawai ta ɗaga ƙyallen. Ya yi nuni. Karen ya dubi hannun, ya ƙara dasa gindi, don a saninsa jarrabawa ce.

"Tetsu! Je ka mana, ɗan nema!" Kuraji ya daka tsawa.

Ko kunne bai kaɗa ba. Muna kallo ruwa ya ja tsuntsuwar cikin dogayen ciyayi, inda kwalekwale ba ya shiga. A wurinmu ba abin kunya kamar ka kashe ka bar wa ruwa.

Tomie ta ce, "Ka bar shi ya zama karen gida, ya kwanta kusa da murhu kamar kowa." Amma duk safiyar da bindiga ta tashi a tafki, Tetsu sai ya tsaya bakin ƙofa yana kuka ƙasa-ƙasa, yana duban bakin ubangidansa.

Genzo ya ɗauki safar nan ya tafi gidan Kuraji. Da kansa ya warware abin da ya saƙa. Kuraji ya jefa, ya kira suna, Genzo ya tura karen ta baya. Tetsu ya waiwayo, ya dawo ya zauna. Genzo ya sake turawa. Haka suka yi ta yi har dusar ƙanƙara ta rufe gonaki.

Ina wurin ranar da Tetsu ya amsa kiran Kuraji. Ya ɗauko safar, ya zo da gudu yana kaɗa wutsiya, ya tsaya gaban Genzo ya ɗaga kai. Genzo ya cusa hannuwansa cikin aljihu.

"Haba Genzo, karɓa mana," in ji Kuraji. Ba wasa a muryarsa.

Bai karɓa ba. Ya kafa ido ga duwatsun da ke bayan tafki. Karen ya zagaya shi, ya dungure masa gwiwa da hanci, ya sake zagayawa. Can da ya gaji, ya juya a hankali ya sa safar a hannun Kuraji.

A makon nan Genzo ya miƙa wa hukuma bindigarsa. Tetsu yana gidan Kuraji, ana cewa babu kamarsa a duk tafkin. Kuraji yakan aiko da agwagwa, Tomie ta dafa da albasa, Genzo ya ci shinkafarsa ya ture kwanon miyar. In zai je kanti yakan bi ta bayan gonaki, hanya mai nisa da taɓo, don kada karen ya ji ƙanshinsa ya fito.