Gawon da Mushe ya ce ya mutu

Ina shekara takwas, a lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, ta wajen Bande, aka kawo mana sabon mushe, wato malami, daga can bakin teku. Yana son fita da mu daji mu koyi itatuwa. Ran nan, bayan ruwan fari, ya jera mu biyu-biyu har gonar kakana. Ko'ina ya fara kore, sai gawo tsaye tsirara, ba ganye ko ɗaya.

Ya nuna shi da tsumagiya, ya ce da Faransanci ga misalin mataccen itace, mu rubuta a kaye, littafinmu na rubutu. Har ya zaro wuƙa ya tsaga wa jikin itacen alama.

Ni bakina ba ya jira. Na ce da Hausa, "Mushe, bai mutu ba fa. Gawo da damina yake zubar da ganye."

Tsumagiya biyar ya zuba mini a tafin hannu, gaban kowa. Sannan ya rataya mini sambol, wato ƙashin jakin da ake rataya wa duk wanda ya yi Hausa. Ƴan ajinmu suka koma kirana uwar gawa. Dukan bai dame ni ba. Maƙaryaciya da aka mai da ni a gonar kakana, shi ya tsaya mini a wuya. Na rantse sai Mushe ya janye maganar da bakinsa.

Wata huɗu na hutu ina leƙa itacen nan kamar mai jinya. Da aka yanke gero muka koma lakwal, gawo ya cika da ganye fal.

Ranar da za a sake fita, da gangan na yi Hausa tun da safe, sambol ya dawo wuyana. Kakana kuwa na riga na kitsa masa komai. Muka tarar da shi zaune a inuwar, daidai ƙarƙashin alamar wuƙa.

"Sannu malam," in ji shi. "An ce kun yi wa itacena jana'iza. Ga shi ya tashi, ko za ku gaisa?"

Tsoho ba ya jin Faransanci, kuma ba a ƙyale gaisuwar dattijo. Mushe ya dubi alamar, ya dubi sama, gumi na bin kwalarsa. Da gurguwar Hausarsa ya ce, "Baba, yana da rai. Ni ban sani ba."

Na cire ƙashin daga wuyana, na miƙa wa Mushe da hannu biyu, har da ɗan rusunawa.

Yara suka fashe. Bai karɓa ba, bai kuma dake ni ba. Amma ban sauke hannu ba sai da ya ce kowa ya buɗe kaye ya soke layin mataccen itace. Nawa na soke shi har takardar ta huje.