Telen Wasila Mai Lalle

Yayata Wasila ta fi kowa yanke wa fim hukunci a unguwarmu ta Garin Malam, kuma ba ta taɓa kallon ko ɗaya ba. Tele, wato talabijin, tana bayanta, rataye a bango, ita kuwa idonta yana kan hannun da take yi wa zane. Sana'arta ke nan tun tana budurwa, wajen Innarmu ta koya. Ni Husaina nawa kwaɓa lalle ne da riƙe telekomand, rimot ɗin tele.

Telen ma ba don nishaɗi ta saye ta ba. Baƙin lalle, da ya taɓa fata ya zauna, babu gogewa. Mai zuwa ƙunshi kuwa sai ta daɗe a zaune, ga ƙaiƙayi, ga waya tana kuka a jaka. Sai Yaya ta gano cewa in ka ba yarinya abin kallo, hannunta zai manta da kansa. Shi ya sa ma'auninta na fim guda ne: ya tsayar da hannu ko bai tsayar ba.

Wanda ya ci jarrabawarta wani shiri ne mai dogon zango, na Turawa, an juya shi Faransanci. Yaran lise ne, wato sakandare, ɗaya yana rikiɗa ya zama dabba, ɗaya tana jin maganar matattu, sauran kuma soyayya kawai ta dame su. Ni haushi yake ba ni. Ƙartin banza masu gemu, wai 'yan makaranta, kuma ban taɓa ganin an buɗe littafi ba. Yaya kuwa cewa take, "Yaran ba su da tarbiyya, iyayen ba su da amfani, amma shiri ne mai hankali. Kafin dodo ya fito sai ya yi sallama." Tana nufin kiɗan da ake sawa, wanda ke tashi a hankali har kowa ya shirya.

Wanda ta tsana kuwa wani fim ne na tashin hankali: wata mata ce aka sace mata 'ya a tashar jirgin ƙasa, ɓarawon yana kiranta a waya yana juya ta. Wallahi fim ne mai kyau, na sha faɗa mata. Amma sau ɗaya aka taɓa sa shi a ɗakin, aka buga wata ƙofa a ciki, matar da ake yi wa zane ta zabura, baƙin layi ya tafi tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Matar ba ta sake dawowa ba, kuma ta ba rabin Zinder labari. Tun ranar Yaya ta ce fim ne mara kunya, mai faɗo wa mutum ba sanarwa.

Bara bayan ƙaramar Salla, Hajiya Zainaba ta Birni ta kawo 'yarta Lubna, ana gobe ɗaurin aure. Gidan babba ne, duk matan da Yaya ke fatan su dawo mata za su ga hannun nan. In ya ɓaci, sunanta ya gama ɓaci, ita ma amarya haka za ta shiga hoto.

Aka sa shirin yaran lise kamar kullum. Yaya ta kama hannun Lubna, ta ɗora tsinin ledar lalle, sai ta ɗaga. Hannun rawa yake yi.

"Lubna, sanyi kike ji?"

"A'a, Tanti."

"To yunwa?"

Ba yunwa ba ce. Angon nata malamin lekol ne, makarantar boko, a Damagaram Takaya, ita ta zaɓi abinta, amma ba ta taɓa kwana nesa da uwarta ba. Tsoro ne kawai ya cika ta. Shirin kuma ta haddace shi, idonta yana kai, hankalinta ba ya wurin. Aka ba ta ruwa, ƙawayenta suka yi ta zolayarta, hannu dai bai daina ba. La'asar ta wuce, ko ɗigo ba a yi ba.

Sai Yaya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Husaina, sa mara kunyar nan."

Na ce, "Yaya, kin san abin da kike cewa kuwa?"

"Sa shi, ki ƙara murya."

Na sa. Ana sace yarinyar, Lubna ta sandare kamar icce, bakinta a buɗe. Yaya ta duƙa ta fara zane da sauri. Can sai na ga ta ɗaga hannu sama ta tsaya. Nan take aka buga ƙofar nan, Lubna ta zabura, ƙawaye suka yi ihu, ledar kuwa tana sama ba ta taɓa kowa ba. Ashe tun wancan karo ta lura: fim ɗin in zai razana mutum, kiɗan ne ke ɗaukewa gaba ɗaya. Duk inda ya yi tsit sai ta ɗaga, a zabura, ta koma. Ni ce gumi ya jiƙe, ina riƙe da telekomand kamar zan karya shi.

Ta gama hannu biyu da ƙafa biyu kafin fim ya ƙare. Ban taɓa ganin zanenta ya fita haka ba, na ji daɗi har raina.

A ƙarshen fim matar ta sami 'yarta, ta rungume ta. Nan Lubna ta fashe da kuka, kukan da take riƙewa tun safe. Ta ɗago hannu za ta share ido, Yaya ta cafke gwiwar hannun.

"Kul. Bai bushe ba."

Ta sa gefen mayafinta tana share mata hawaye, ɗaya na bin ɗaya. "Yi kukanki, 'yata. Ni zan share. Takaya ba bangon duniya ba ce, mota tana zuwa."

Na ce, "To Yaya, yanzu fa me za ki ce kan fim ɗin?"

"Mara kunya ne har gobe. Kashe shi."

Na kashe. Ita kuwa ba ta tashi daga gaban Lubna ba sai da lallen ya bushe.