Hancin Jika Bakanike

Duk wanda ya taɓa kai mota gyara Laranto ya san Jika bakanike, in bai san fuskarsa ba to ya ji labarin hancinsa. Kakansa haƙar kuza ce ta kawo shi Jos, ubansa direban tifa ne, shi kuwa Allah ya ba shi hanci. Ɗan siririn mutum ne, kullum cikin rigar sanyi mai hujin gwiwar hannu, ga mita, ga son a yaba masa. Idan aka kawo mota tana ƙauri, ba ya taɓa sifana. Sai ya goya hannu a baya, ya lumshe ido, ya zagaya ta sau ɗaya, ya ce baƙin mai ne ke ɗiga a kan salansa, ko waya ce ta narke. Wani lokacin ya dubi mai motar ya ce, "Oga, ka riƙa ɗage ƙafa daga kuloci, ba matashin kai ba ne." Da wuya a kwance motar a samu saɓanin abin da ya faɗa.

Wadda ta sha wahalar wannan baiwa ita ce matarsa Maimunatu. Shekara ashirin da shida, tun daga zaure yake sanar da ita cewa miya ta kama. Yana ci yana yi mata darasi: ƙaurin fambel irin na roba ne, na birki kuwa ya fi kaifi, kamar an babbake ƙafar saniya. Har hannun rigarsa yake miƙa mata ta shinshina. Takan ture ta ce, "Baban Rahma, ni mota gare ni?"

A daminar 2006 wata muguwar mura ta kwantar da shi mako biyu. Da ta tashi tafiya sai ta tafi da hancin. Ya kai fetur hanci, ya ji kamar ruwan famfo. Ranar ya ji tsoron da bai taɓa ji ba, domin a ganinsa in babu hancin nan, shi ba kowa ba ne a Laranto. Bai faɗa wa kowa ba. Wata uku yana lallaɓawa da ido da kunne, yana zagaya motoci yana lumshe idon ƙarya.

Wata Talata da azahar sai ga Madam Gertrude, tsohuwar nas daga Daɗin Kowa, a motar da mijinta ya mutu ya bar mata. Daga gonarta ta Naraguta take, laka har ƙofa.

"Oga Jika, motan nan yana warin ƙonewa," in ji ta. "Mekanik biyu sun canja fambel, bai daina ba. Gobe zan kai jikokina Pankshin. An ce kai ne mai hanci."

Masu fanel da masu faci suka taso kallo kamar yadda suka saba. Jika ya goya hannu, ya lumshe ido, ya zagaya. Babu komai. Ya buɗe bonet, injin tsaf, babu ɗigo, babu wayar da ta yi baƙi. Ya sake zagayawa, abin da ba a taɓa ganin ya yi ba. Zufa ta keto masa duk da sanyin garin. Bakinsa na so ya ce waya ce, ya naɗa salatif a wuce wurin, zuciyarsa kuwa tana nuna masa yaran nan a gangaren hanyar Pankshin.

Ana cikin haka Maimunatu ta iso da kular abincinsa. A da ɗan acaɓa take ba wa ya kawo, amma kwanan nan ta tsiri kawowa da kanta, har yana yi mata mitar yawo. Ta gaida Madam, ta bi ta bayan motar, ta ɗan dakata. Sannan ta matso kamar mai miƙa masa kula, ta yi ƙasa da murya.

"Ƙafar saniya ce. Tayar baya, ta hagu."

Jika ya tsaya kallonta. Ya je ya durƙusa, ya kai bayan hannu kusa da tayar, ya janye da sauri don zafi. Aka ɗaga motar da jek, tayar ta ƙi juyawa. Lakar gona ta cinye wayar birkin hannu da tsatsa, ko an sauke shi ba ya saki, birkin yana ta gogawa har ya ƙone. Ya sa sabuwar waya, ya canja takalman birkin, ya zagaya da motar har Farar Gada ya dawo, taya sanyi ƙalau.

"Gaskiya wannan hanci na Allah ne," in ji Madam Gertrude. 'Yan kallo suka watse suna jinjina masa. Shi dai ya hau tattara kayan aikinsa.

Maimunatu na zaune a ƙarshen benci tana jiran kularta. Ya zauna kusa da ita, ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da na ƙona tuwo da gangan. Ka cinye tas, har ka ce ya yi daɗi." Ta gyara mayafi. "Shekara ashirin da shida ina roƙon Allah ya raba ni da mitarka. Ranar da ka daina, kicin na koma na yi ta kuka."

Jika ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi, tausayinta ya fi kunyar yawa. Ya buɗe kular, tururi ya bugi fuskarsa, bai ji komai ba.

"Me kika dafa, Maman Rahma?"

"Gwaten acca ne. Ya ɗan kama."

Ya yi dariya har da ƙwalla. Ya kai loma biyu, sannan ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Gobe ki zo da wuri. Akwai wata tifa da za a kawo."