Sawun Ƙafa a Cikin Kwalta

Ko na tsufa tukuf ba na jin abin da na gani a wata kwana tsakanin Makarfi da Kudan zai fita daga kaina. Lokacin ina lebura a kamfanin gyaran hanya. Tsakuwa da yashi ake gasawa, a kwaɓa da baƙin mai mai zafi, a shimfiɗa. Tsohuwar kwaltar da muka kankare kuwa niƙa ta ake yi, a zuba kaɗan cikin sabuwa. In ta yi yawa hanya tsagewa take, don rana ta riga ta shanye manta.

Da muka iso kwanar, sai muka riƙa ganin wata tsohuwa tana zuwa kullum da tsakar rana, ta tsaya tana kallon ƙasa. Ni da bakina ba ya shiru, na ce ko Inna aiki take nema? Ko kallona ba ta yi ba. Wani mai sayar da rake a wurin ne ya gaya mini tankar mai ta taɓa ƙonewa a nan, ɗanta yana kan babur, ya fito da gudu cikin wuta amma bai tsira ba. Tun ranar take zuwa, ga shi za mu niƙe wurin.

Ogammu ya ɓantari kwaltar ya murza, ta ruguje kamar gawayi. Ya ce wuta ta kashe ta, ko an niƙa ba za ta kama ba, a ɓamɓare a zubar. Muka sa diga. Ina ɗaga wani falle na share ƙurar, wallahi sai na ga wata shaida a jikinsa. Sawun ƙafa ne, ba takalmi, yatsu biyar sun nutse a kwalta lokacin da wutar ta narkar da ita. Rana tsaka, amma sanyi na ji.

Ban ji takun tsohuwar ba, sai ganin hannunta na yi a cikin sawun.

"Ɗan nan, nasa ne. Ƙaramin yatsan a karkace yake tun haihuwa."

Na duba, a karkace yake. Ta naɗa gammo, muka aza mata fallen, ta bi ta cikin gonar rake. Ba ta sake zuwa ba.

Tausayinta har yau bai sake ni ba. A wurin na koyi cewa ba kowane tsohon abu ake narkarwa a sabunta ba, kuma in ka ga mutum tsaye yana kallon ƙasa, ka kama bakinka.