Soron da Bassu Ya Hana a Share

Duk wanda ya ce maka ƙanena Bassu mutumin kirki ne, ka tambaye shi ko sun taɓa zama gida ɗaya. Masu yabonsa hotunansa kawai suka sani. Ni kuwa, Izza, ni na goya shi, ni na share masa majina, saboda haka ba daga Marakish za a zo a gaya mini halinsa ba.

Tun yana ƙarami ba ya da amfani. A aike shi kiwo, sai a tarar da shi zaune a kan dutse ya haɗa yatsunsa kamar taga yana leƙen duwatsu ta ciki, awaki kuwa sun shige gonar sha'ir ɗin mutane. Da ya tasa ya koma jan alfadarin baƙi masu hawa dutse, har wani daga cikinsu ya bar masa tsohuwar kyamara. Daga ranar muka rasa shi. Ya tafi Marakish, ya koyi sana'ar, ya riƙa sayar wa otal-otal hotunan garinmu Tamgist suna ratayewa a bango. Ba ya zuwa girbi, ba ya zuwa biki, jana'izar kawunmu ma bai zo ba. Amma dusar ƙanƙara ta sauka, sai ga shi kamar an kira shi, da jakarsa da sandunansa masu ƙafa uku.

Gilashi biyu yake ɗaura wa kyamarar. Akwai gajere mai haɗiye kwarin gaba ɗaya, wanda yake cewa yana mayar da babban dutse ɗan tsiriri, don haka ba ya sonsa. Akwai kuma dogo, ya kai taɓarya, shi ne abin ƙaunarsa. Da shi yake tsallake rafi ya hau tudun da ke fuskantarmu, ya janyo dutsen da ke da nisan tafiyar yini har ya zaunar da shi a kan gidajenmu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne abin da yake yankewa. Turken lantarkin da muka yi shekaru muna roƙo, ba ya cikin hotonsa. Faifan talabijin, babu. Makarantar yara mai fenti, babu. Sai ginin ƙasa da tsofaffi. Ya taɓa sa wata tsohuwa ta cire takalmin roba ta tsaya a cikin sanyi, wai launinsa na ɓata masa aiki.

Gidan mahaifinmu shi ne na ƙarshe a saman gari, shi kaɗai, da tsohuwar bishiyar gargaa a gefensa, mai 'ya'ya masu ƙwanso mai tauri da muka tashi muna fasawa muna ci. A ciki nake zaune, domin mijina Addi yana aikin lambu a Agadir, sai lokaci-lokaci yake zuwa. A rabon gado Bassu ya fi ni kaso, kuma bai taɓa barina na manta ba, alhali ko yaɓe ɗaya bai taɓa yi wa gidan ba.

Rufinmu azara ce da kara da ƙasa daɓaɓɓiya. Ko yaro a Tamgist ya san idan dusar ta tsaya, kafin a sha shayi ake hawa soro da shebur na katako a ture ta ƙasa. In aka bari rana ta taɓa ta, ta jiƙe ta yi nauyi, to sai addu'a. Ni kuma tun bazara na gaya wa Bassu azarar tsakiya ta babban ɗaki ta fara tsagewa. A ɗakin aka haife mu, a nan masaƙar mahaifiyarmu take tsaye da dardumar da nake saƙawa.

A wannan shekarar dusar ta zuba irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Da asuba ta tsaya, sama ta washe. Na ɗauki shebur na nufi matakalar soro, sai na tarar da sabon kwaɗo a ƙofar. Bassu, da ya zo ya sauka a gidan kamar yadda ya saba, na tsaye a tsakar gida ya riga ya saɓa jakarsa.

"Wannan kuma fa?" na ce.

"Yaya, ɗan lokaci kaɗan nake roƙo. Rana na fitowa in ɗauki hoto, in dawo in share da hannuna."

"Da hannunka? Wane hannun? Kai da ko cokali sai an miƙo maka! Ba ni makulli."

"Ki saurare ni mana. Shekara nawa ina jiran irin wannan safiyar? Gidan a kusurwar ƙasa ta hagu, reshen bishiyar ya miƙe ya ja ido zuwa dama, dutsen a bisa. Sawun ƙafa ɗaya a kan soron nan ya kashe komai."

"Sawun ƙafa zai kashe komai? Azarar fa da na gaya maka?"

"Azarar nan ta girme ki, ta girme ni. Ba yau za ta gaji ba."

"Bassu, ka ji tsoron Allah. A ƙarƙashinta nake kwana."

"Gidan ubana ne dai, ko?" Ya jefa makullin cikin aljihun jallabiyarsa ya fice, ina zaginsa har ya kai rafi, ko waiwaye bai yi ba.

Na leƙa gari, kowa na kan soronsa yana fama da nasa, hanya kuma ta toshe har gwiwa. Na nemi tsani, ya ɗauke shi tun jiya ya kai inda ban sani ba. Nan na gane ba da safen nan ya yi tunanin ba, shiri ne. Na fitar da saniyarmu don kar gini ya danne ta, na ɗaure a bishiya, na ɗauko gatari na fara saran ƙofar. Babanmu ya sassaƙa ta da katakon gargaa mai kauri, gatarin sai tsalle yake yana dawowa. Ina sara ina kuka don takaici. Can a tsallaken kwari ina hango shi, ɗan ɗigo baƙi a cikin fari, ya kafa sandunansa ba ya ko motsi.

Rana ta taɓa kan dutse, ta gangaro a hankali, ta taɓa soron. Ruwa ya fara ɗiga a babban ɗaki. Na ji azarar ta yi ƙara kamar an karya rake, sai na yar da gatarin na yi waje. Ban kai bishiya ba rufin ya zauna. Ƙasa da ƙanƙara da itace suka danne masaƙar, bango ɗaya ya bi su.

Sai wajen azahar Bassu ya iso, yana haki, gemunsa duk ƙanƙara. Maƙwabta sun taru suna tono abin da zai tonu. Ya tsaya yana kallo, jakar na rungume a ƙirjinsa kamar jariri.

Na ce, "Abu ɗaya zan tambaye ka, kuma kar ka yi mini ƙarya a gaban mutane. Dogon gilashin nan naka, ai ka ce yana nuna maka har tsuntsun da ke kan reshe."

"Yana nunawa."

"To ka ga soron yana lotsawa?"

Ya dubi ƙasa. Sannan ya ce, "Na gani, Yaya. Hasken ne bai gama sauka ba."

Ban mare shi ba, kuma har yau ina mamakin hannuna. Na ce masa daga yau kar ya sake ce mini Yaya.

An ce hoton yana rataye a wani babban otal, baƙi suna tsayawa a gabansa suna cewa ina ma su kwana a wannan gida. Ban taɓa ganinsa ba, ba na kuma so. Da bazara Bassu ya aiko cewa ya bar mini kasonsa. Mutane suka ce nadama ce. Ni na san kangon ne ba ya da sauran abin ɗauka.

Addi ya dawo muka gina na bulo a daidai wurin, rufin siminti, na sa aka shafe shi da fenti ruwan hoda mai kashe ido, aka kafa faifan talabijin a bisa. Yanzu duk ta inda Bassu ya juya dogon gilashinsa don ya janyo dutsen, sai ya janyo gidana tare da shi. Har yanzu yana zuwa duk hunturu, yana sauka a wajen abokai. Rufin siminti ba ya bukatar shara, amma duk safiyar da na hango ɗigon nan baƙi a tsallaken kwari, sai in ɗauki shebur in hau, in tattake soron daga wannan kusurwa zuwa waccan, in tsaya a tsakiya ina kallonsa har hasken ya wuce.