Jan Zaren Kawu

Shekaranjiya na sunkuya ƙarƙashin injin goge katako a shagonmu na Hayin Banki, saboda bel ɗinsa yana ta kuka yana neman tsinkewa. A kan ƙusa na tarar da ƙullin jan zare, ƙurar katako ta rufe shi. Na marigayi Kawu ne, yayan mahaifiyata.

Kawu bai yarda da ido ba wajen saita fuli, ƙarafan nan biyu masu zagayawa da bel. Zare yake satowa daga keken ɗinkin matarsa, ya miƙe shi daga fulin sama zuwa na ƙasa. Sai zaren ya kwanta jikin kowanne babu rata, sannan ya ɗaure noti.

Ranar da muka kafa injin, wani mai ƙofofi daga Malali yana tsaye yana jiran a goge masa su. Kawu kuwa yana kwance a ƙasa da ciwon gwiwarsa, ido ɗaya a rufe, gemu duk garin katako, shagon yana ƙamshin maɗaci.

Na ce, "Kawu, ai ya yi haka."

Ya ce, "Ni na kusa tafiya. Kai za ka tsaya gaban injin nan kullum, in bel ɗin ya tsinke, fuskarka zai nufa. Ja zaren."

Da zarensa na saita fulin shekaranjiya, kukan ya ɗauke. Na mayar da shi kan ƙusarsa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya miƙe masa hanya kamar yadda yake miƙe zaren nan.